Hoto ba ya faɗin sunansa: yadda aka tattara takardun masu yankan inuwa da masu ɗaukar hoto na farko

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai duk wanda ya taɓa buɗe adakar wata tsohuwa bayan rasuwarta, ya tarar da hoton wani saurayi sanye da babbar riga, aka tambayi mutanen gida kaf aka rasa mai cewa ga ko wane ne, ya san ganin ma yana da iyaka. Fuska tana nan, aikin wuyan riga yana nan, amma suna da shekara da gari sun bi wadda ta san su zuwa kabari. Hoton da ya rabu da labarinsa bebe ne.

Wannan matsala ta girmi na'urar ɗaukar hoto. Masana tarihi a Turai da Amurka sun daɗe suna fama da ita a kan sana'o'i biyu waɗanda ɗaya ta gaji ɗaya: sana'ar masu yanka inuwar fuskar mutum a takarda, wadda ta yi tashe daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, da ta masu ɗaukar hoto na farko, wadda ta zo ta karɓe mata kasuwa. Mafi yawan abin da aka sani yau game da mutanen nan ya fito ne daga takardun da ke gefen hoton: wasiƙa, yarjejeniya, kundin ciniki, talla a jarida, ko ƴan kalmomi da wani ya rubuta a baya. Su kuwa takardun ba su tsira da kansu ba. Wasu mutane ƙalilan ne suka bi sawunsu, wani lokaci shekara ɗari bayan an manta da su. Tarihin wannan bin sawu shi ne muke so mu duba tare da mai karatu.

Sunan minista a kan inuwa

Marubucin Rumawa Pline Tsoho, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya kawo labarin ɗiyar wani maginin tukwane a birnin Korinti, wadda saurayinta zai yi tafiya mai nisa, sai ta bi gefen inuwar fuskarsa da fitila ta jefa a bango, ta zana ta don ta rage kewa. Ko labarin ya faru ko ƙage ne, ya nuna mana buƙatar da ta haifi sana'ar: riƙe kamannin wanda zai tafi.

Kalmar da Faransanci ya ba wannan irin hoto, wato silhouette, sunan mutum ce. Étienne de Silhouette ya zama mai kula da kuɗin Faransa a watan Maris na 1759, zamanin sarki Louis na 15, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai, baitulmali ya yi ƙaf. Ya nemi ɗora haraji a kan alamomin arziki, ya kuma rage kuɗin da sarki ke ba fadawa. Masu hannu da shuni suka yi masa ca, kafin ƙarshen watan Nuwamba na shekarar ya bar kujera. Don ba'a, mutanen Paris suka dinga liƙa sunansa a kan duk wani abu na tsimi da araha, har da baƙin hoton nan da ba shi da ido ba shi da launi, wanda talaka ke iya biya. A shekara ta 1835 kalmar ta shiga ƙamus na Akademiyar Faransa.

Arahar nan ita ce ƙarfin sana'ar. Hoton fenti sai mai dukiya, kuma sai an zauna kwanaki gaban mai zane. Hoton inuwa kuwa minti kaɗan ne, da fitila da takarda da almakashi. Wani limamin kirista na birnin Zurich, Johann Kaspar Lavater, ya ƙara wa abin farin jini da littattafai huɗu da ya fitar tsakanin 1775 da 1778, inda ya yi da'awar cewa ana iya karanta halin mutum daga tsarin goshinsa da hancinsa, ra'ayin da ilimi ya yi watsi da shi daga baya. A tsakiyar shekarun 1780 wani makaɗin fadar Versailles, Gilles-Louis Chrétien, ya ƙirƙiro na'urar da ya kira physionotrace, wadda ke bin gefen fuska ta zana ta a takarda, sa'an nan a rage girman zanen a kan farantin jan ƙarfe a buga kofe da yawa.

Masu wannan sana'a ba safai suke sa hannu a aikinsu ba. Abin da ya ceci sunan wasunsu shi ne ƴar takardar talla da suke mannawa a bayan hoton. John Miers, mutumin Leeds da ya buɗe shago a titin Strand na Landan a 1788, yana buga sunansa da adireshinsa a irin wannan takarda, yana kuma sanar da cewa yana ajiye asalin inuwar kowa, don mai son ƙarin kofe ya samu ba tare da ya sake zama ba. Da yake kalmomin tallar suna sauyawa duk lokacin da ya sauya gari ko abokin ciniki, masu bincike sun jera takardun bi da bi, suka mayar da su ma'aunin shekaru. Da irin wannan haƙuri ne Sue McKechnie ta haɗa babban littafinta na 1978 a kan masu yankan inuwa na Birtaniya daga 1760 zuwa 1860.

Kundayen da teku ta ci

Babu wanda ya fahimci darajar rubuta suna kamar Auguste Edouart. An haife shi a Dunkerque a 1789, ya yi aikin soja a zamanin Napoléon, ya ƙaura Ingila a 1814. A 1825 ya kama yankan inuwa da almakashi kawai, ba na'ura, yana fitar da mutum tun daga kai har ƙafa, da sandarsa ko littafinsa a hannu. Dabararsa ita ce ya ninke baƙar takardar biyu kafin ya yanka. Kofe ɗaya ya ba mai shi, ɗayan ya manna a babban kundi, ya rubuta suna da gari da kwanan wata, wani lokaci har da sana'ar mutumin, sau da yawa kuma ya sa shi ya sa hannu. Haka ya yi wa tsohon sarkin Faransa Charles na 10 da mutanensa a 1831, suna zaman gudun hijira a Edimburg. Haka kuma ya yi a Amurka, inda ya yi yawo daga 1839 zuwa 1849, ya yanka inuwar mutane wajen 3800, cikinsu har da shugabannin ƙasa irin su John Quincy Adams da Martin Van Buren.

A watan Disamba na 1849, yana kan hanyar komawa Turai, jirgin ruwan da ya shiga mai suna Oneida ya farfashe a gaɓar tsibirin Guernesey. Edouart ya tsira da rai, amma mafi yawan kundayensa, aikin shekara ashirin da huɗu, suka tafi cikin ruwa. Wani gida na tsibirin, iyalan Lukis, suka sauke shi suka yi jinyarsa, shi kuma ya bar wa ɗiyarsu Frederica ƴan kundayen da aka tsamo. Bai sake komawa sana'ar kamar da ba, ya rasu kusa da Calais a 1861.

Kundayen suka yi shekara sittin a hannun zuriyar gidan, ba wanda ya san da su a waje. A 1911 suka shigo hannun wata Baturiyar Ingila, Emily Nevill Jackson, wadda a shekarar nan ta fitar da littafi a kan tarihin hoton inuwa. Ta zauna ta jera sunayen da ke ciki, ta sa aka ɗauki hoton shafukan, ta kuma buga jerin a littattafanta na baya, na 1921 da na 1938. Saboda aikinta, iyalai da dama a Ingila da Irlanda da Amurka suka ga kamannin kakannin da ba su taɓa gani ba. Abin lura shi ne, kofen da Edouart ya sayar wa mutane, da yawansu sun warwatsu ba suna. Wanda ya riƙe ya rubuta wa bayani, shi ne ya zama madogara, duk da tabon ruwan gishiri da ke jikinsa.

Waɗanda ba a so a rubuta sunansu

Takarda tana kuma tono wanda aka binne aikinsa da gangan. A birnin Filadelfiya na Amurka, mai zane Charles Willson Peale yana da gidan baje kolin kayan tarihi da na halittu. A 1802 ya girka na'urar zana inuwa a ciki, kuma cikin shekara ta farko aka yanka fuska fiye da 8000. Kowace tana ɗauke da hatimin gidan, don haka aka daɗe ana jingina su ga Peale da ƴaƴansa. Alhali hannun da ya yanka mafi yawansu na Moses Williams ne, baƙar fata da ya tashi bawa a gidan. Peale ya ƴanta iyayensa a 1786, amma ya riƙe yaron. Ya koya wa ƴaƴan cikinsa zanen fenti, shi kuwa ya ba shi almakashi. Williams ya samu ƴancinsa a daidai lokacin da na'urar ta zo, yana karɓar santi 8 a kan kowace fuska, har ya tara abin da ya sayi gida ya yi aure. An gano matsayinsa ne daga wasiƙun Peale, da abin da ɗansa Rembrandt ya rubuta daga baya, da kuma wani hoton inuwa guda da ke ajiye a wani tsohon ɗakin karatu na birnin, wanda aka rubuta wa sunan Williams da sana'arsa a jiki.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo. Ƙungiyar tarihi ta garin Stratford, a jahar Connecticut, tana riƙe da inuwar wata budurwa mai suna Flora, an zana ta daidai girman kanta. Tare da ita akwai takardar ciniki mai kwanan wata 13 ga Disamba 1796, wadda ta nuna an sayar da Flora, tana da shekara 19, a kan fam 25. Da an raba takardun nan biyu, da ɗaya ta zama kan wata mace da ba a sani ba, ɗayar kuma lissafin kuɗi. Haɗuwarsu ce ta sa muke da ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan baiwa a Amurka da aka san sunanta. An nuna shi a Gidan Hotunan Mutane na Ƙasa da ke Washinton a 2018.

Wannan gida dai ya sayi kundin wani mai yawon yankan inuwa, William Bache, a 2002, mai ɗauke da fuska wajen 1800 daga gabashin Amurka da Niyu Orliyans da Kuba. A 2008 aka gano shafukansa suna da gubar arsenik, ba a iya barin jama'a su taɓa shi. Sai aka ɗauki hoton kowane shafi, aka bi tallace-tallacen da Bache ya buga a jaridun garuruwan da ya ratsa, aka daidaita su da sunayen da ke kundin, aka sa sakamakon a intanet a 2023.

Daga inuwa zuwa haske

Silhouette ya rasu a ƙaramin garin Bry-sur-Marne, gabas da Paris, a 1767. A garin nan ne kuma Louis Daguerre ya rasu a 1851. Wannan dacewa ce kawai, amma dangantakar sana'o'in biyu ta wuce dacewa. A 1802 aka buga a mujallar wata cibiyar kimiyya ta Landan bayanin gwajin Thomas Wedgwood, wanda masanin sinadarai Humphry Davy ya rubuta. Wedgwood yana shafa gishirin azurfa a takarda ko farar fata, ya bar haske ya baƙanta inda inuwa ba ta rufe ba, kuma cikin amfanin da aka ambata tun a kan bayanin har da fitar da inuwar fuska. Bai samu hanyar tsayar da hoton ba. Da an fito da shi rana sai ya baƙe gaba ɗaya. Ba a da ko ɗaya da aka tabbatar nasa ne. Ƴan shafukan nan na 1802 su kaɗai suka riƙe masa wuri a tarihi.

Wanda ya fara tsayar da hoton shi ne Nicéphore Niépce, mutumin Chalon-sur-Saône. Wasiƙun da ya aika wa wansa Claude a 1816 sun nuna tun lokacin yana samun hoto a takarda cikin akwatin duhu, sai dai fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, kuma ba ya daɗewa. A 1826 ko 1827 ya shafa wani irin kwalta a farantin kuza, ya kafa akwatinsa a tagar gidansa na ƙauyen Saint-Loup-de-Varennes. Inda haske ya bugi kwaltar ta taurare, sauran ya wanke da mai. A 1827 ya je Ingila duba Claude da ba shi da lafiya, ya rubuta taƙaitaccen bayani don ƙungiyar masana ta Landan, amma da yake ya ƙi faɗin sirrin, ba a karɓa ba. Ya bar farantan da bayanin a hannun Francis Bauer, mai zanen tsirrai a lambun Kew. Bauer ya rubuta a bayan hoton tagar cewa wannan shi ne gwajin farko da Niépce ya yi nasarar tsayar da surar abin da ke waje.

Niépce ya ƙulla yarjejeniya da Daguerre ranar 14 ga Disamba 1829, ya rasu a 1833. Ranar 19 ga Agusta 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Daguerre a Paris, gwamnati ta yanka masa fansho na faran 6000 a shekara, ta ba Isidore ɗan Niépce faran 4000, sabuwar fasahar kuma ta ɗauki sunan Daguerre shi kaɗai. Isidore ya buga ɗan littafin ƙorafi a 1841, amma kalmar ɗa a kan ubansa ba ta isa hujja ba. Farantin kuwa, bayan rasuwar Bauer a 1840 ya bi hannuwa, aka nuna shi a Landan a 1898, daga nan ya ɓace.

Helmut Gernsheim, Bajamushen da ya gudu Ingila a zamanin Nazi, shi da matarsa Alison, suka shafe shekaru suna bin jerin waɗanda suka mallaki farantin, ta takardun gwanjo da na baje koli, har da cigiya a jarida. A watan Fabrairu na 1952 aka same shi cikin wata adaka ta iyalan Pritchard, wadda take ajiye a wani ɗakin ajiya tun 1917. Mai kallonsa zai ɗauka tsohon madubi ne da ya dushe, sai an karkata shi ga haske ake ganin rufin ɗakuna. Rubutun Bauer a baya, da bayanin 1827 da ke tare da shi, su suka tabbatar da ko mene ne. Tun 1963 yana Jami'ar Texas a birnin Austin.

Wasiƙun da Niépce da Daguerre suka yi wa juna, waɗanda a cikinsu suke sa lambobi a madadin sunayen sinadarai don kada a sace musu sirri, nasu yawon ya fi nisa. Wani wakilin Akademiyar Kimiyya ta Rasha, Joseph Hamel, ya karɓi da yawa daga hannun Isidore, suka kwanta a taskar akademiyar har 1949, lokacin da aka buga su a Tarayyar Sobiyet. A 2003 Manuel Bonnet da Jean-Louis Marignier suka haɗa wasiƙu da takardun Niépce da aka samu a manyan littattafai biyu. Marignier, masanin kimiyya ne, ya bi bayanin wasiƙun ya maimaita gwajin da hannunsa, ya nuna cewa awa takwas da aka daɗe ana cewa farantin ya yi gaban haske ba ta isa ba, sai kwanaki. Wasiƙun nan sun ƙara daraja saboda gobarar da ta cinye gidan wasan Daguerre ranar 8 ga Maris 1839 ta tafi da takardunsa da yawa.

Sauran magabatan ma haka. Hippolyte Bayard, ma'aikaci a ma'aikatar kuɗi ta Faransa, ya samo tasa hanyar ta hoto a takarda a 1839, aka ba shi faran 600 kacal. A watan Oktoba na 1840 ya ɗauki kansa kamar gawar wanda ya nutse a ruwa, ya rubuta a baya cewa baƙin cikin fifita Daguerre ne ya kai shi. Ba don rubutun ba, da an ɗauka mutum ne yana barci. Henry Fox Talbot na Ingila ya manna ƙaramin hoton tagar gidansa a takarda, ya rubuta watan Agusta 1835 a gefe, kuma wannan shi ne negatif mafi tsufa da ya rage. An tattara wasiƙunsa wajen 10000 an sa a intanet. Hercule Florence kuwa, haifaffen Nice da ya zauna a Barazil, ya yi nasa gwajin a 1833, ya kuma yi amfani da kalmar photographie a littafin rubutunsa a 1834, shekara biyar kafin ta bazu a Turai. Jikokinsa ne suka adana littattafan, sai a 1976 mai bincike Boris Kossoy ya fito da su fili.

Ɓarnar masu gyara

Ba daidai ba ne a ɗauka duk wanda ya tattara alheri kawai ya yi. Kundayen Amurka na Edouart, Nevill Jackson ta sayar da su ga wani dillali na Niyu York, Arthur Vernay, wanda ya baje su a 1913 ya sayar da fuskoki ɗai-ɗai. Abin da teku ta bari a haɗe, kasuwa ta raba shi, kuma hotunan shafukan da aka ɗauka kafin cinikin su suka rage shaida. Gernsheim da kansa ya bi kofen hoton Niépce da fenti don ya fito sosai, kuma wannan gyararren kofe ne aka yi ta bugawa a littattafan makaranta shekaru da yawa kamar shi ne asali. Shahararren hoton titin Temple na Paris da Daguerre ya ɗauka, inda ake ganin wani mutum ana goge masa takalmi, ya lalace a Munich garin tsabtace shi. Abin da muke gani yau kofe ne da aka ɗauka kafin ɓarnar. Darasi uku ke nan da masu taskar takardu suka koya da tsada: kada a raba abin da aka samu a haɗe, kada a gyara asali, a kuma yi kofe kafin a taɓa.

A wannan gefe na hamada

Na'urar ɗaukar hoto ba ta daɗe ba ta iso gaɓar Afirka ta Yamma. Augustus Washington, baƙar fatar Amurka mai shagon hoto a Hartford, ya ƙaura Laberiya a 1853, ya yi aiki har Saliyo da Gambiya da Senegal, kuma tallan da ya buga a jaridu yana cikin abin da aka bi aka san inda ya ratsa. Labarin Moses Williams kuwa ya maimaita kansa a maƙwabtanmu. A 1991 aka nuna wasu hotuna a Niyu York da bayanin cewa aikin wani mai hoto ne na Bamako da ba a san sunansa ba. Da André Magnin ya je Bamako da kofensu, Malick Sidibé ne ya duba ya ce aikin Seydou Keïta ne, kuma aka tarar da shi da ransa, da dubban negatif a ajiye. Sai dai Keïta bai rubuta sunayen masu zuwa shagonsa ba. Shekarun ma da zanen da ya rataya a bayan mutum yake tuna su, shi ya sa mafi yawan hotunansa ba su da suna. Sidibé kuwa yana manna ƙananan kofe na kowane biki a jikin takarda mai kauri, ya rubuta sunan bikin da ranarsa, kamar yadda Edouart ya yi.

A ƙasarmu, tsofaffin hotuna sun zo ne da sojan mamaya. Ayarin Foureau da Lamy ya iso Damagaram a watan Nuwamba na 1899, kuma littafin da Foureau ya buga a 1902 yana ɗauke da hotunan tafiyar. Da yawan hotunan zamanin mulkin mallaka suna taskar Aix-en-Provence a Faransa ko cibiyar IFAN a Dakar, kuma abin da aka saba rubutawa a ƙarƙashinsu shi ne ƙabila ko sana'a: mace Bahausa, maƙeri, ɗan kasuwa. Mutanen nan suna da sunaye, suna da jikoki a Birni da Zango, amma mai na'urar bai tambaya ba. Daga baya masu hoto na gida suka karɓi sana'ar, irin su Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar matasan Yamai a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Bayansa akwai waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu a littafi ba, masu shago a bakin kasuwar Maraɗi ko Tawa ko Birnin Ƙonni, waɗanda suka ɗauki hoton katin shaida da na aure da na masu dawowa daga Makka. Wayar hannu ta rufe mafi yawan shagunan nan, kuma abin da suka bari yana hannun magada, tsakanin gara da ƙura da ɗigon damina.

A nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suke da abin yi, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ɗalibi zai iya zama da kakarsa, su ɗauki hoto ɗaya, ya rubuta a baya da fensir, ba da biro ba, sunan mutum da na ubansa da gari da shekara ko abin da ya faru a shekarar, sa'an nan ya rubuta labarin da Hausa da Faransanci a takarda dabam. A ɗauki gaba da baya da waya, domin hatimin mai shago da ke baya daidai yake da tallar Miers. Kada a liƙe tsohon hoto cikin roba mai zafi, kada a ɓalle shi daga kundinsa, kada a yar da ambulan ɗin shago. Asali ya zauna wurin masu shi, kofe kuma, da yardarsu, a kai inda za a adana, kamar Taskar Takardun Ƙasa ko cibiyar IRSH ko Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai. Tsofaffin masu hoto da suka rage a raye, a je a ji daga bakinsu wurin wa suka koya, wace shekara suka buɗe, ina kundin cinikinsu yake.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Edouart yana rubuta suna ne a ranar da ya yanka fuska, mai ita yana tsaye gabansa, shi ya sa ko teku ba ta iya shafe aikinsa duka ba. Mu ranar ginin ta wuce mu, amma a gidaje da yawa akwai sauran tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya da za su iya duban hoto su ce wane ne ɗan wane, an ɗauke shi shekarar kaza. Su ya kamata a fara tambaya, tun bana.